Katin da Aka Huda Bai Mutu Ba

Laraba, 2 ga Agusta 1978, da yamma

Eli ya dawo daga bautar ƙasa. Jirgin ƙasa na Ikko ne ya kawo shi. Ya rame a wuya, ya kuma tara gemu. Na ce ya aske kafin Lahadi, kada dattawan ikilisiya su ce makaɗi na haifa.

Ina rubutu a ragowar littafinsa na makaranta. Malama Roseline, wadda ta koya mana karatu a ajin manya, ta ce duk macen da ta bar hannunta ya kwanta, haruffa za su gudu su bar ta. Ni kuwa sai da furfura ta fara fito mini na riƙe fensir, ba zan bari su gudu ba.

Kayansa ba yawa. Akwati, rediyo, da kwali biyu masu nauyi da ya tura ƙarƙashin gadon marigayi babansa. Na tambaye shi mene ne a ciki. Ya ce, "Aikin da na gama ne, Mama."

Na yi masa paten acca da yakuwa. Ya ci har ya kankare tukunya. Yadda yake sunkuyar da kai a kan kwano, babansa Andrawus sak.

Asabar, 5 ga wata, da rana

Gregory ya zo daga Kaduna da motarsa. Ƙanen Andrawus ne, babba ne yanzu a ma'aikatar gwamnati, kuma tun rasuwar yayansa bai taɓa juya mana baya ba. A kan maganar Eli ya zo.

Ga yadda na gane ta. Eli ya gama digiri na kwamfuta a Zariya, injin nan mai lissafi. Yanzu zai ƙara wani karatu da ake kira Masta, kuma hanya biyu ce. Ɗaya, ya ƙara nitsewa cikin sanin injin, a Ingila, shekara biyu ko fiye. Ɗaya kuma ya koyi riƙon ma'aikata da mutane, nan Zariya, ya fito manaja.

Gregory ya ce, "Matarmu, ki gaya wa ɗanki. Wanda ya iya inji, ɗaukarsa ake yi aiki. Wanda ya iya mutane, shi ke ɗauka."

Eli ya ce, "Baba, in mai ɗaukar bai san abin da yake ɗauka ba fa?"

"Sai ya ɗauki irinka ya gaya masa. Kai kana zufa, shi yana ƙarƙashin fanka."

Suka yi dariya. Daga nan Gregory ya daina dariya, ya ce, "Yayana ya san injin jirgin ƙasa mai gawayi kamar tafin hannunsa. Da dizal ya zo, saninsa ya koma labari. Inji yana tsufa ya ja mai shi. Ba na so in ga wannan sau biyu a gida ɗaya."

Zariya, in ka shiga jirgin safe, da kai za a ci tuwon dare. Ingila ban san ko ta ina rana ke fito musu ba.

Lahadi, bayan sujada

Selina, maƙwabciyata, ta ji maganar. Ta ce, "Maman Eli, Masta na tasha ko na makaranta?" Na ce ba ko ɗaya. Ta ce, "To Mastan da ba shi da usur, ba shi da bulala, na mene ne?"

Talata, 8 ga wata, da yamma

Ruwa tun jiya. Eli ya tafi Gwantu gaida yayarsa Edna, sai ƙarshen mako.

Yau Zumuntar Mata ta ikilisiya a gidana ta zauna. Itace ya jiƙe sharkaf, kananzir ya ƙare, na hura har idona ya yi ja. Sai na tuna zamanin kwatas ɗin reluwe. Wa ke kukan itace a lokacin? Jirgi ya zubar da tokarsa a bayan loko, inda ake gyaran injuna, mu mata mu tafi da kwanduna mu tsinci gawayin da bai cinye ba. Ana tsinta ana waƙa, kowace da yarenta, ni da Emilia matar direba muna rigima a kan babban dunƙule. Emilia ta tafi gabas shekarar nan da ba a son ambato, ban sake jin ɗuriyarta ba. Jiniyar loko ta yi kuka, ka ga maza suna fitowa baƙi ƙirin, sai haƙora. Andrawus yakan ce in ban gane shi da fuska ba, in gane shi da yunwa.

Na shiga ɗaki neman tsohuwar jarida, na jawo kwali ɗaya. Cike yake da kati masu tsawo, a jere kamar haƙoran mataji, kowanne an huhhuda shi. Duk ɗan Kafanchan ya san kati in an huda shi ya gama tafiyarsa. Irinsu Andrawus ke roƙo wa yara a tasha su yi wasan jirgi.

Na nuna wa Selina. Ta ɗaga ɗaya tana leƙen haske ta cikin hujin, ta ce, "Wannan kam ya sha tafiya. Dubi sau nawa aka huda shi."

Suna kama wuta da kyau. Mata sun yaba pate.

Alhamis, da safe

Ruwa. Na ƙara ɗiba.

Asabar, 12 ga wata, bayan cin abinci

Eli ya dawo da doya da gaisuwar Edna. Yana cikin fara'a. Muna cin abinci ya ce bari ya gaya mini abin da ya yi a Ikko, tunda ni kaɗai ce ban taɓa ce masa ya taƙaita ba.

Ya ce inji ba ya jin magana sai ta huji. Kowane kati layi ɗaya ne na magana. In ɗaya ya ɓace, ko na baya ya shiga gaba, inji ya tsaya kamar jaki a bakin gada. Ya ce abin da ya koya wa injin shi ne yadda jirage za su riƙa ba juna hanya a layi ɗaya ba tare da wani ya kwana a daji yana jira ba. Duk maraicen shekarar nan a kansa ya ƙare. Ƙarshen wata zai kai kwalayen Zariya, malaminsa ya ga inji ya karɓa da idonsa, sannan a aika da sunansa Ingila. In bai kai ba, a ba wani gurbin.

Ya ce, "Mama, ba ki ci."

Na ce haƙori ne.

Lahadi

Ban faɗa masa ba.

Litinin, 14 ga wata, da rana

Na je kantin littattafai na mishan, na nuna wa mai kanti kati ɗaya da na ɓoye a bakin zane. Ya juya shi gaba da baya, ya ce bai taɓa gani ba.

Selina ta ce, "Ki sayi kwali mai kauri mu yanka. Baba Martins yana nan da abin huda tikitinsa, bai mayar ba da ya yi ritaya. Yini guda mun cika masa kwalin."

Har na tashi na ɗaura ɗankwali. A bakin ƙofa na tsaya. Na tuna lokacin da nake rubuta b a wurin d, Malama Roseline ta ce na mai da dawa bawa. In harafi ɗaya yana yin haka, ina ga huji?

Selina ta ce, "Ni ma da bakina a ciki. In kina so in tsaya kusa da ke." Na ce ba ita ta haife shi ba.

Talata

Ban faɗa masa ba. Ya gyara mini ƙofar kicin.

Laraba, da yamma

Matar Malam na bayan gidanmu ta aiko da kunun shan ruwa, suna azumi. Eli ya shanye nasa da nawa. Yana ƙarami, in aka aiko, sai ya ce shi ma ya yi azumi tun bayan abincin rana.

Ban faɗa masa ba.

Juma'a, 18 ga wata

Ya jawo kwalayen.

Asabar, da hantsi

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi, da ya fi mini.

Jiya ya daɗe a durƙushe. Ya fito ya tsaya a ƙofar kicin yana duban murhu, ban san wa ya nuna masa ba. Na ce, "Na ɗauka tikiti ne. Ka ce aikin da ka gama ne." Ya ce, "Na gama yi, Mama. Ban gama da shi ba."

Kusan rabin kwali ɗaya ne babu, kuma daga tsakiya. Yana da tsohuwar takarda da inji ya buga masa tun farkon shekara, amma duk gyaran da ya yi bayan nan a katin kaɗai yake.

Na kai masa abinci. Na ɗauke shi yadda na kai.

Lahadi, 20 ga wata, da yamma

Gregory ya zo. Na san Selina ce ta aika, ko da ta rantse.

Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Eli, ba na murna da asararka. Amma wani lokaci Ubangiji yakan rufe ƙofa da hannun wanda ba ka zata ba. Aikin da ruwan Agusta da ashana za su iya cinyewa, shi za ka ɗora rayuwarka a kai?"

Eli ya ce, "Akwai gaskiya a maganarka, Baba. Injin nan a duk Arewa ba su cika hannu ba. Ko na dawo, wataƙila Ikko zan zauna. Kuma waɗanda ke yanke shawarar a sayo inji ko kada a sayo, ba su ne suka san shi ba. Na sha tunanin gara in zama ɗaya daga cikinsu."

"To, ka gani."

"Na gani. Ganin ne bai shiga cikina ba."

Gregory ya juyo gare ni. "Matarmu, ki daina wannan fuska. Ba ki sani ba ne. Wanda bai sani ba, ba shi da laifi."

Da ya faɗi haka sai na tashi na ce zan duba kaji.

Litinin, da asuba

Zan rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ranar Talata ban sani ba. Wannan gaskiya ne, Selina shaida ce.

Ranar Alhamis akwai haske a ɗakin. A bayan katunan, inda suka haɗu, an ja layi da baƙin alƙalami daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rubuta sunansa da manyan haruffa. Na karanta. E, L, I. Na ga inda layin ya yanke saboda abin da na ɗiba. Mutum ba ya rubuta sunansa a kan shara.

Da shekarun baya ne, da ina da hujja. Yanzu na iya karatu.

Ban ce a raina zan hana shi tafiya ba. Ban ce ba. Hannuna dai bai tsaya ba.

Laraba, 23 ga wata, da yamma

Ina tsince shinkafa ya zo ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana kallon tire.

Ya ce, "Mama, sau ɗaya kika ɗiba?"

Na ce sau biyu.

"Kin ga sunana a kai?"

Na ce, "Ranar farko ban gani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya daga cikin shinkafar ya jefar. Ya ce, "Da kin gaya mini da baki ai. Zan yi na Zariya. Kowane ƙarshen wata ina gida."

Abin da na roƙa ke nan a addu'a tun zuwan Gregory na farko. An ba ni. Shinkafar ta ƙone.

Alhamis

Ya aske gemu. Ya goge takalmi. Yana gaishe ni da ladabi, kamar baƙon da aka sauka a gidan fasto.

Juma'a, da rana

Na bi ta bayan loko da na dawo daga kasuwa, ko da yake ba hanyata ba ce. Tsofaffin injunan gawayi suna jere a layin gefe, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsu, awaki na fakewa a ƙarƙashi. Na tsaya.

Gregory bai yi ƙarya ba. Na ga abin da dizal ya yi wa Andrawus. Amma Gregory yana Kaduna a lokacin, ni ce ke gida. An taɓa ba Andrawus kujera, ya zama mai rubuta sunayen masu zuwa aiki da masu makara. Riga fara, hannu fes. Wata nawa ya yi ban tuna ba. Abin da na tuna, ya daina waƙa a wurin wanka. Ya daina tsokanata. Yana dawowa ya ce sannu da gida, ya zauna. Ranar da ya roƙa aka mai da shi cikin baƙin mai, ya shigo yana wari, ya ɗaga ni sama a gaban yara har na zage shi.

Irin wannan sannu da gidan nake ji a bakin Eli tun shekaranjiya.

Wani yana iya zama a kujera ya yi ƙiba ya yi albarka, kamar Gregory. Ban ce hanyar ba ta da kyau ba. In Eli ya zaɓe ta da kansa, zan yi guɗa. Amma ba shi ya zaɓa ba. Murhuna ne ya zaɓa.

Asabar, 26 ga wata, da safe

Na same shi yana ninke riguna. Na ce, "Fito da tsohuwar takardar nan."

Ya ce, "Mama, an wuce wurin."

Na ce, "Kai ka wuce, ni ban wuce ba. Abin da ka rubuta sau ɗaya, ba ka iya sake rubutawa?"

"Lokaci ya ƙure."

"Ya ƙure ko ya ƙare?"

Ya ce, "Wa zai duba ki?"

Na ce, "Wa ya duba ni da kana Ikko? Ina da Edna, ina da Selina da bakinta, ina da Ubangiji. Ban haife ka don in dogara da kai kamar sanda ba. Ka kai aikinka inji ya gani. In ya karɓa, ka zauna da ƙofa biyu a buɗe ka zaɓa. Ko ta Gregory ka zaɓa a ranar, ba zan ce uffan ba. Amma ba za ka bar ni da wannan a wuya ba."



Ya ce, "Kin san in ya karɓa tafiya zan yi."

Na ce na sani tun kana rarrafe kana kwance agogon babanka.

Litinin, da yamma

Tebur ya cika da takardu. Yana rubutu yana gogewa, yana magana shi kaɗai. Jiya ko sujada sai da na ja shi.

Ya ba ni aiki. Ni ke riƙe tsohuwar takardar ina karanta masa harafi ɗaya-ɗaya da lamba ɗaya-ɗaya, shi yana bin katunan da suka tsira don ya gane daidai inda ramin ya fara da inda ya ƙare. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ya ce ya fi haka, wai wanda ya san ma'ana yakan karanta abin da yake zato, ba abin da ke wurin ba. Na gaya masa kada ya yi mini daɗin baki, sifiri da harafin o har yanzu suna yi mini wasa da ido.

Selina ta leƙo ta taga. "A'a, Maman Eli, ke ma Mastan za ki yi?" Eli ya ce, "Mama Selina, ke ce ai za mu tura Ingila, ki huda musu kati da abin Baba Martins." Ta ce ni munafuka ce da na faɗa masa. Ta tafi tana dariya, ta dawo da gasasshiyar masara.

Da rana na ji yana waƙa a wurin wanka.

Laraba, 30 ga wata

Ya tafi Zariya da kwalayen da takardun. Sai ya sake huda sababbin kati a can, kuma ya ce masu jiran injin suna da yawa. Bai tabbata zai samu layi ba.

Alhamis

Shiru.

Asabar, 2 ga Satumba, da rana

Gregory ya biyo zai wuce Kagarko. Bai zauna ba da farko. Ya ce, "Matarmu, yaro ya riga ya sauko, kin sake tura shi kan bishiya. Ni har na yi magana da mutane a kansa."

Na ce ya yi haƙuri.

"In ya tafi ya auro Baturiya fa?"

"Sai ta koyi tuƙa tuwo."

Ya yi tsaki, sannan ya zauna, ya ce in akwai pate a ba shi. Yana ci ya ce, "Taurin kan nan ba daga wajenmu ba ne." Na ce ya je ya faɗa wa kabarin yayansa. Da zai tafi ya ce in abin bai yiwu ba, wurin Zariya yana nan har tsakiyar wata, zai riƙe masa. Mutumin kirki ne. Na gode masa da gaske.

Lahadi

Shiru. A sujada an ba ni in fara waƙa, na fara ta sama da yawa, mata suka kasa bi.

Litinin

Wace addu'a zan yi? Na durƙusa na rasa. Na ce Ubangiji ya duba wadda ta fi tsabta a cikin biyun ya ɗauka.

Laraba, 6 ga Satumba, da yamma

Wani ɗan ikilisiyarmu da ke aikin gadi a jirgin Kaduna ya tsaya a ƙofar gida da fitilarsa a hannu, ko tasha bai gama sallama ba. Ya ce, "Mama, na haɗu da Eli. Ya ce in gaya miki inji ya tofar sau biyu, na uku ya haɗiye. An sa sunansa. Ya ce ƙarshen wata ne tafiyar, kuma wai ki ajiye masa acca."

Na yi guɗa. Na taka rawa a tsakar gida da ludayi a hannu, Selina ta fito ta taya ni ba ta ma san dalili ba, matar Malam ta leƙo ta katanga tana barka.

Da suka watse na zauna a kan turmi har sauro ya fara cizo.

An ce sanyin can yana shiga ƙashi. Gobe kasuwa. Zan nemi ulu mai kauri, kuma sai Selina ta koya mini yadda ake juya wuyan riga, don ban taɓa iyawa ba.